Dodon Tatsuniya da Dodon Waya: Nazarin Tsoro a Wasannin Bidiyo na Yara a Abuja

1.0 Gabatarwa

Bahaushe bai taɓa raba ɗansa da tsoro ba, shirya masa shi yake yi. Tun daga littattafan Frank Edgar, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa (1911 zuwa 1913), har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, Dodo yana nan yana haɗiye 'yan mata, Dodanniya tana wasa wuƙa. Saboda haka kukan da iyaye ke yi a unguwanni irin su Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, cewa wasannin ban tsoro na waya suna hana yara barci, yana bukatar a tantance shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa illar tana cikin tsarin da aka gina tsoron a kai, da kuma harshen da ake gargaɗi da shi.

2.0 Sigar Tsoro a Tatsuniya da Wasa

Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Mai bayarwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, masu sauraro su amsa, wato sun yarda su shiga. In ta ƙare a ce ƙurunƙus, kowa ya san Dodo ya koma inda ya fito. A tsakani kuma labarin yana tafiya ne da mutum na uku da shuɗaɗɗen lokaci: sai Dodo ya bi ta, sai ta ɓuya. Wata ake bi, kuma an riga an gama bin. Ga kaka a zaune tana duban fuskokin jikoki a farin wata. In ta ga na ƙarshen tabarma ya fara maƙalewa, sai ta rage muryar Dodo, ta gaggauta kawo dabarar Ɗan Kutungayya.

Wasan bidiyo ya rushe waɗannan duka. Five Nights at Freddy's, wanda Scott Cawthon ya fitar a 2014, yana mai da mai wasa maigadin dare a gidan abinci, daga sha biyun dare zuwa shida na safe, yana leƙen mutum-mutumai ta kyamara, wutar lantarki tana ƙarewa. Nahawun wasan mutum na biyu ne da lokaci mai ci: kai ake bi, yanzu. Idan aka kama shi, fuska ce za ta faɗo allo da ƙara, sannan a ba shi damar sake farawa. Babu ƙurunƙus. Yaro ne zai yanke wa kansa lokacin tashi, alhali an gina wasan ne don kada ya tashi.

Wasan Granny na 2017 ya fi cancantar dogon nazari a wurin mai nazarin al'adar Hausa. An kulle mai wasa a wani gida, an ba shi kwana 5 ya tsere, tsohuwa kuma tana jin motsin duk abin da ya faɗi, ta taho da kulki. Granny dai kaka ke nan. A gidan Bahaushe kaka abokiyar wasan jika ce, ita ke kiransa mijinta, ɗakinta ne mafakarsa ranar da ya yi laifi, kuma ita ce mai tatsuniyar. Tatsuniya ma tana da muguwar tsohuwa, amma tsohuwar daji ce, ba ta cikin gida ba, kuma daga bakin tsohuwar kirki ake jin labarinta. A nan an cire mai ba da labarin, an sa mata kayan Dodo. (Ta fuskar fasaha, dole a yaba wa wasan: amfani da sauti a matsayin tarko dabara ce mai kyau, kuma ita ce ke sa abin toshe kunne ya zama mafi munin hanyar da yaro zai buga shi.)

3.0 Harshen Gargaɗi

An kafa hukumar ESRB a Amurka a 1994, bayan zaman da Majalisar Dattawanta ta yi a 1993 kan Mortal Kombat da Night Trap. Turai ta bi da PEGI a 2003, wadda ke nuna abin tsoro da hoton gizo-gizo. Abin dariya ne kaɗan, domin a wurin ɗan Bahaushe Gizo gwanin wayo ne, mijin Ƙoƙi. Nijeriya kuwa Doka mai lamba 85 ta 1993 ce ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Bidiyo ta Ƙasa, mai hedkwata a Abuja, kuma da zamanin silima da kaset a zuciya aka rubuta ta. Wasan waya ba ya bi ta kan kanta ko shagon haya. Tun 2015 alamar shekaru da ke Google Play tana fitowa ne daga tambayoyin da mai wasan da kansa ya cike a ƙarƙashin tsarin IARC. Wanda kuma aka tura masa wasan a shagon masu caji ko daga wayar aboki, ko alamar ba zai gani ba.

Ko an gan ta, da Turanci take, kuma kalma ɗaya ko biyu ce. Hausa ta fi haka wadata. Akwai fargaba, zaman jiran abin da bai zo ba. Akwai tsoro, wanda ke da abin da ake tsoro. Akwai firgita da razana, masu zuwa farat ɗaya su bar jiki yana rawa. Tatsuniya a kan fargaba da tsoro take aiki, kuma yaro kan ji daɗinsu. Waɗannan wasanni da razana suke ciniki, ita ce kuma Hausawa suka daɗe suna hana a yi wa ƙaramin yaro, musamman da magariba. Uwar da aka fassara mata alamar da “tsoro” kawai za ta ɗauka Dodon da ta sani ne.

Gyaran da ya dace da wannan nazari shi ne a mayar wa wasan abin da ya cire. Babba ya buga matakin farko kafin yaro ya taɓa. A buga a tsakar gida ko falo, da sauti a fili, ba a gado ba. A tsayar da lokacin tashi tun kafin a fara, da baki ko da manhaja irin Family Link. In an tashi, yaro ya ba da labarin abin da ya faru da bakinsa, domin da zarar ya ce “sai tsohuwar ta biyo shi”, ya mayar da abin mutum na uku da shuɗaɗɗen lokaci. Sassan Harsunan Nijeriya kuma suna da aikin da ba wanda zai yi musu: samar da daidaitattun kalmomin alamar shekaru da Hausa, waɗanda za su raba “akwai ban tsoro” da “akwai razanarwa”.