Samanja Mazan Fama: Nazarin Marubucin da Ɗan Wasa ya Rufe

Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayon Hausa sun fi mayar da hankali ga wanda ya fito a akwatin talabijin, su manta da wanda ya ƙaga labarin. A wannan taƙaitacciyar maƙala za mu dubi Usman Baba Pategi (1942-2023), wato Samanja, a matsayinsa na mai tsara wasan barkwanci.

Salo da Jigo

Pategi Banufe ne, kuma tsohon soja, wanda shirinsa ya yi tashe a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna. Waɗannan abubuwa biyu su ne ginshiƙin salonsa. Ya ɗauki Hausar bariki, mai gauraye da Turanci da karyayyen nahawu, wadda masana ke yi wa kallon gurɓatacciya, ya mayar da ita harshen adabi. Mu da ke Lafiya, inda Eggon da Alago da Gwandara ke cin kasuwa ɗaya da Hausa, mun san wannan harshe rayayye ne.

Babban jigonsa kuwa shi ne iko da iyakarsa. Samanja mai tsawa ne ga kurata, amma da zarar na gaba da shi ya bayyana, sai ya ƙame. A zamanin da soja ke mulkin ƙasa, samun farar hula su yi wa kaki dariya ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai raunin wasan yana nan kusa da ƙarfinsa: dariyar kan tsaya ga halin mutum ɗaya, ba ta cika taɓa tsarin da ya haife shi ba, don haka takan zama lallashi maimakon suka.

Kammalawa

A Amurka, Neil Simon da Mel Brooks sun rubuta wa Sid Caesar barkwanci a talabijin cikin shekarun 1950, kuma sunansu na marubuta ya tabbata. A nan gida ma, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ya shiga aji ne saboda an buga shi. Akasarin barkwancinmu na talabijin kuwa a baki aka gina shi bisa ɗan tsarin labari. Muddin sassan Hausa ba su nemo faya-fayen da suka rage sun juye su a takarda ba, ɗalibanmu za su gaji sunan Samanja, su rasa aikinsa.