Tartsatsi ko Tukunya? Matsalata da Kalmar "Political Fervor"

Wani ƙanena da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya turo min jimla ɗaya ta WhatsApp, daga wani sharhin Turanci kan zaɓukan Najeriya. Tambayarsa gajera ce: "Yaya, ya ake fassara political fervor?" Na rubuta masa "zafin siyasa", na ajiye waya. Sai bayan isha'i abin ya dawo min a rai. Fassarar ba ta yi kuskure ba, amma ta kwaso kalmar har da cutar da ke jikinta.

Mai karatu, bari mu fara da asali. Amurkawa na rubuta fervor, Turawan Ingila da jaridunmu na rubuta fervour. Tushenta Latin ne, fervere, wato tafasa. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci tun ƙarni na 14. 'Yar uwarta ce kalmar ferment, wadda muke amfani da ita a ɗakin gwaji idan kullu ya tashi ko nono ya yi tsami. Mutane da yawa na zaton daga fever ta fito, wato zazzaɓi, amma wannan asalinta daban ne. A yau za ka fi ganinta tana bin kalmomin addini, kishin ƙasa da juyin juya hali. Idan an liƙa mata siyasa, ana nufin jama'a sun ɗauki zafi a kan wani ra'ayi ko wani mutum har suna tafasa.

To ga inda ɗalibin kimiyya zai ɗaga hannu. A fizis akwai bambanci tsakanin matakin zafi da yawan zafi. Je ka tsaya wajen mai walda a Jega. Tartsatsin da ke tashi yakan haura digiri 1,000, amma ya faɗo maka a hannu ka kakkaɓe ka wuce, saboda ɗan ƙwayar ƙarfen bai ɗauko makamashi mai yawa ba. Tukunyar ruwan zafi kuwa digiri 100 ce kacal, amma Allah ya kiyaye ta zube wa mutum. Kalmar political fervor ba ta gaya maka wanne ake nufi. Ɗan jarida ya ga jerin babura, kalangu, matasa a kan rufin mota daga Maiyama zuwa Birnin Kebbi, sai ya rubuta cewa jiha ta tafasa. Tartsatsi ya gani. Tukunyar fa?

Ma'aunin da ya fi kusa da tukunya shi ne yawan waɗanda suka fito jefa ƙuri'a. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka fito. A 2015, shekarar guguwar canji, kusan kashi 44 ne. A 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 masu rajista, kusan kashi 27 kawai. Gaskiya wannan ma'aunin ma yana da rauni: akwai sunayen matattu da waɗanda suka yi ƙaura a rajista, akwai rashin tsaro, kuma ka tuna yadda takardar naira ta yi wuya a Fabrairun 2023, kuɗin mota ma ya gagari mutane. Duk da haka lamba ce da za ka iya gardama da ita. Fervor kuwa a nahawun Turanci ma suna ne da ba a ƙirga shi. Ba wanda zai ce maka ta ƙaru da kashi nawa.

Abu na biyu ya fi damuna. Ka lura, da wuya ka ji Bature ya ce shi yana da political fervor. Nasa sunansa ra'ayi ko manufa. Ta wasu ce fervor, ta taron jama'a, musamman talakawa da mutanen nesa. Fi'ilan da ake haɗa ta da su ma sun tona asiri: ana cewa an whip up ɗinta, wato an zuga ta, ko ta swept gari, wato ta share shi kamar ambaliya. A duka biyun, mai ƙuri'a ya zama ruwa a tukunya, wani ke hura masa wuta. Ba shi da lissafi nasa.

Gwada wannan a kan mazaɓarmu ta Kebbi ta Tsakiya. Adamu Aliero ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya hau ne a jam'iyyar APP wadda ta koma ANPP. A 2022 ya bar APC ya koma PDP, a 2023 ya kayar da gwamna mai ci, Atiku Bagudu, a takarar sanata. A 2025 ya sake komawa APC. Yanzu ɗauki manomin albasa da ya bi shi duk inda ya sa ƙafa. Zafinsa na mene ne? Ba na jam'iyya ba ne, tunda lema da tsintsiya duk ya dangwala. Wataƙila ɗan gida yake wa kara. Wataƙila akwai alherin da yake rama wa, ko haushin wani ne ya kai shi rumfar zaɓe. Duk waɗannan dalilai ne, mai hankali ke yin su, ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba. Kalma ɗaya ta Turanci ta dama su wuri guda kamar fura.

Abin haushin shi ne Hausa ta riga ta rarrabe su. Aƙida daban: ita ce ta sa 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, suka sha ɗauri da bulala ba su saki Malam Aminu Kano ba. Kara daban, biyayya ga ubangida daban. Sojojin baka na rediyo sana'a suke yi. Banga kuwa haya ce, a sallame ka da yamma. Wanda ya kira ɗan NEPU da ɗan banga da suna ɗaya ya zalunci na farko, ya wanke na biyu.

Kuma wankin nan ba wasa ba ne. Bayan zaɓen 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800 a Arewa cikin kwana uku. Idan ka ce "zafin siyasa ne", ka mai da kisa kamar yanayin bazara, abin da ke zuwa da kansa. Wa ya ɗauki adda, wa ya saya masa fetur, duk sun ɓace a cikin tururi.

Ban ce a jefar da kalmar ba. Akwai ranar da ta dace. Wanda ya ga mutane a 2015 sun ƙi barin rumfar zaɓe har dare, suna cewa a kasa, a tsare, a raka, ya ga tafasa ta gaske. Sai dai ko a makon nan, abin da mutane suka fi tunawa shi ne sanyin ɗan Jega, Farfesa Attahiru Jega, yana zaune shiru a zauren tattara sakamako a Abuja yayin da Godsday Orubebe ke ta ihu a gabansa.

Washegari na sake rubuta wa ƙanena. Na ce ya turo min sakin layin gaba ɗaya, in ga su wa ake magana a kansu, nawa ne su, kuma me suka aikata. Da ya turo, sai ga shi marubucin taron kamfe ɗaya kawai yake siffantawa. Muka fassara shi da "an yi cincirindo".