HANYAR ANNAPURNA: KUKAN BAƘO, MURNAR MAI GIDA

Yau ƙasar Nepal za mu leƙa, inda duwatsun Himalaya suke. Akwai wata hanyar ƙafa a can wadda ta zagaye tsaunukan Annapurna, an buɗe wa baƙi ita a 1977. A da mutum kan kwashe kusan mako uku yana tafiya: ya tashi daga wajen Besisahar, ya bi kwarin kogin Marsyangdi har Manang, ya haye mashigin Thorong La mai tsayin mita 5,416, sannan ya gangaro Muktinath da Jomsom ta kwarin Kali Gandaki. Babu mota babu babur, daga alfadarai sai 'yan dako.

To, zamani riga ne. Sannu a hankali aka fasa titi a kwarurukan nan biyu, a wurare da yawa ma bisa tsohuwar hanyar aka shimfiɗa shi, har motocin jif suka kai Manang da Muktinath. Nan fa baƙi masu yawon ƙafa suka yi ca, wai an kashe musu hanya, sun biya kuɗin jirgi sun zo shaƙar ƙura. Ganin haka ne wasu masu sa kai tare da hukumar ACAP, wadda aka kafa a 1986 don kula da yankin, suka nemo tsofaffin turbobin ƙauye suka harhaɗa, suka shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu, domin mai tafiya ya kauce wa titin. Su ne ake ce wa NATT. A kan wannan sabon kewaye nake son in yi sharhi.

Gaskiya ɗaya ce, sun yi ƙoƙari. Wanda ya bi kewayen zai ratsa gonakin da aka sassaƙa a jikin dutse kamar matakala, ya haye gadoji masu lilo, ya shiga ƙauyukan da a da ba a waiwayarsu. Daga Pisang in ya bi ta sama, ta Ghyaru da Ngawal, hawan zai sa shi haki kamar ransa zai fita, amma zai ga tsaunukan ƙanƙara ƙiri-ƙiri a gabansa, abin da na cikin mota ba zai gani ba. Daga Muktinath kuma ana iya saukowa ta Lupra a bar wa motoci titinsu.

Amma fa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kewayen ba ɗaya ba ne miƙaƙƙe, guntu-guntu ne. Ka hau, ka sauka, ka sake hawa, can sai ka tsinci kanka a kan titin da kake gudu, jif ta bi ta kanka da ƙura. Damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa kan zaftare ta tafi da turba, fenti ya koɗe, masu aikin titi su ci wani ɓangaren. Hanyar da aka yi don gudun titi kullum a guje take, shi kuwa titin yana bin ta a baya.

Inda na fi samun saɓani da masu kukan shi ne nan: wai don wa aka yi hanyar tun asali? Kafin wani Bature ya rataya jaka, mutanen kwarin Kali Gandaki suna fataucin gishiri daga Tibet ta nan. Hanyar neman abinci ce, ba ta shaƙatawa ba. Baƙo yana son ya ga ɗan dako da kaya niƙi-niƙi a gadon baya ya ɗauki hoto, alhali shi ɗan dakon ba don sha'awa yake yi ba. Mace mai naƙuda da a da sai an goya ta a kwando an yi kwanaki, yau mota ce za ta kai ta asibiti. Manomin tuffa na Marpha ya samu hanyar kai kayansa kasuwa kafin su ruɓe. Haba jama'a! Baƙo raɓa ne, kwana ashirin ya yi ya tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sai dai kada mu yi wa titin ma shaidar zur. Masu masauki a ƙauyukan ƙasa sun ji jiki, domin baƙon da a da zai kwana ya ci abinci a wurinsu, yanzu ta tagar mota yake hango su. Sannan ga haɗari. Besisahar ba ta kai mita 1,000 ba, Manang kuwa ta kai kimanin mita 3,500. Tsohuwar tafiyar ƙafa ita ke ba jiki damar sabawa da ƙarancin iska a hankali. Wanda mota ta cilla sama cikin kwana ɗaya ko biyu, ya tasar wa Thorong La babu hutu, ciwon kai da amai ne za su fara yi masa sallama, in ya yi taurin kai ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai rai ya yi halinsa. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka hukuncina shi ne, babban amfanin sabon kewayen ba kyan kallo ba ne. Shi ne yana tilasta wa baƙo tafiya a hankali, yana kuma mayar da kuɗinsa hannun mutanen ƙauye. Duk mai niyya ya sauka daga mota tun daga ƙasa, ya bi ja da fari, ya kwana biyu a Manang kafin ya ƙara gaba. In kuma ya faɗo kan titi jif ta bice shi da ƙura, ya rufe hanci ya matsa gefe, ya tuna wataƙila marar lafiya ne a ciki. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Nan zan dasa aya.