Bugun da Ba a Kiran Sunansa: Katun ɗin Avatar a Idon Yaran Moduganari

Duk wanda yaransa ke kallon Dragon Ball Z ko Naruto ya san yadda faɗan katun ɗin Japan yake. Jarumi ba ya kai hari sai ya yi shela. Goku zai haɗa tafin hannayensa ya ja "Ka-me-ha-me-ha" har sai maƙwabta sun ji, Naruto ya kira Rasengan, Sasuke ya kira Chidori. Kamar kirari ne, sai dai ɗan dambe yakan gama kirarinsa kafin a gamu, su kuwa waɗannan kowane naushi da nasa. Shi ya sa ko yaro bai kalli allo da kyau ba, kunnensa ya riga ya gaya masa abin da ya faru.

Avatar: The Last Airbender ba haka yake ba, kuma shi ne dalilin da ya sa muka ɗauke shi a wannan fitowa. Tashar Nickelodeon ta Amurka ce ta nuna shi daga 2005 zuwa 2008, zango uku, kashi 61, aikin Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko. Tsoho ne, amma har yau yana yawo a wayoyi da memori a unguwar nan. A cikinsa al'ummu huɗu ke sarrafa ruwa, ƙasa, wuta da iska, kuma da wuya ka ji wani ya kira sunan bugu a tsakiyar faɗa. Sai dai ka gani.

To ta yaya yaran suke ganewa? Da farko dai jiki. Masu shirin sun ɗauko malamin kunfu, Sifu Kisu, ya ba kowace al'umma salonta daga wasannin Sin na gaske. Masu ruwa Tai Chi suke yi, motsi a hankali ba yankewa. Masu ƙasa Hung Gar, a buɗe ƙafa a kafe. Masu wuta Shaolin na Arewa, dogon naushi da shuri. Aang, mai iska, Bagua yake, kullum yana zagaye abokin karawa. Kafin wuta ko ruwa su bayyana, tsayuwar mutum ta faɗi ko shi wane ne. Mu da muka tashi muna kallon dambe ai wannan ba baƙon abu ba ne: daga yadda mutum ya miƙa hannun tsaro ya ɓoye mai kara, 'yan kallo sun san bahago ne ko badame, ba sai sanƙira ya faɗa ba.

Sai launi. Wutar kowa ja ce mai ruwan lemo, ta Azula kaɗai ce shuɗiya. Toph makauniya ce, da ƙafa take "gani", sai allo ya yi duhu a ga fararen da'irori suna bazuwa daga inda ta taka. Babu mai tsayar da faɗa ya yi wa yaro bayani, ya gani sau biyu ya riƙe.

Inda aikin ya fi burge mu shi ne maganar juya walƙiya. A zangon farko, kashi na 12, ana cikin hadari a teku, walƙiya ta nufo jirgi, tsoho Iroh ya karɓe ta da hannu ɗaya ya fitar ta ɗayan. Ba a ce uffan ba, an wuce. Sai a zango na biyu, kashi na 9, ya zaunar da Zuko, ɗan ƙanensa, ya koya masa: ta shiga ta yatsu, ta gangara ciki, ta fita ta ɗaya hannun, kada ta kuskura ta bi ta zuciya. Ya ce ma daga kallon masu ruwa ya ƙirƙiro ta. A zango na uku, ranar kusufin rana, Ozai ya harbi ɗansa Zuko da walƙiya, yaron ya miƙa yatsu biyu ya mayar. A wurin ba kalma ko ɗaya game da dabarar. Amma yaron da ya bi shirin tun farko ya san cewa Zuko ya zaɓi tarbiyyar baffansa a kan ta ubansa, kuma a motsin hannu ya karanta wannan. Wallahi da an sa shi ya ƙwala wani suna a nan, da an ɓata wurin.

Ba mu ce shirin ba shi da aibi ba. A faɗan ƙarshe, Aang ya dafa goshin Ozai da ƙirjinsa, haske shuɗi da ja suka cika sama suna rinjayar juna, ya zare masa ikon wuta. Kyau kam akwai kyau. Sai dai wannan dabara ba a shuka ta tun da wuri kamar ta walƙiya ba. Wani ƙaton kunkuru mai kan zaki ne ya ba shi ita ana dab da rufewa. Ido ya ga haske, bai ga tarihin da zai jingina shi da shi ba. Karon Zuko da Azula da aka yi a daidai wannan lokaci, shuɗiyar wuta da ja, kiɗa a sanyaye, ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu nan gida. Yawancin abin da ake tura wa yara a shagunan turi an matse shi ne don ya shiga ƙaramin memori. Hoto ya dushe, wurare masu duhu su zama baƙi ƙirin, da'irorin Toph su narke. Katun mai kiran suna yana jure wannan, tunda sauti na nan. Avatar ba ya jurewa. Ga masu ɗora murya da Hausa, wasunsu ba sa ƙaunar shiru, duk inda aka yi tsit sai sun cusa barkwanci ko sun raɗa wa bugu suna. A fim ɗin Indiya abin yakan yi armashi, a nan kuwa suna toshe ainihin wurin da aka bar wa ido.

Iyaye, in za a tura wa yara, a nemi mai hoto garau ko da kashi goma kawai memori zai ɗauka. Ku kuma masu turi, don Allah a riƙa ajiye kala biyu, mai nauyi da marar nauyi, a bar mai saye ya zaɓa.