Wai Mushtari Ne Zai Warkar Da Mu?

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a wayoyin matasanmu, daga Rumde har Jambutu, an ɗauko shi daga masu duban taurari na Amurka aka sa masa rigar Hausa. Mun saurare shi sau uku kafin mu yi magana. Abin da yake faɗa a taƙaice: wai tun da tauraron Mushtari ya shiga burujin Sa, wanda Larabawa ke kira Saur, aka buɗe wa duniya ƙofar waraka a kan abu uku, ƙimar kai da kuɗi da zaman lafiya da ƙasa. Mai maganar ta iya baki, ba laifi. Ta ce a zauna shiru, a taka ƙasa ba takalmi, a ji a rai cewa arziki na tafe.

To, mu 'yan kasuwa ne, bari mu buɗe littafi. A lissafinsu Mushtari ya shiga burujin ranar 16 ga Mayu 2023. Kwana goma sha uku bayan haka aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Kafin ya fita a Mayun 2024, dala ta haura naira 1,500. Duk mai shago a kasuwar Jimeta ya san yadda jarinsa ya zama a shekarar nan: kuɗin da ke cika mota ya koma cika Keke Napep. In wannan ce shekarar yalwa, Allah Ya kiyashe mu da ta ƙunci. Kuma su kansu ba su daidaita ba. Masu duban Indiya da na Turai sun saɓa da kusan daraja 24 wajen iyakar buruji, sai ka ga tauraro ɗaya a dare ɗaya yana gida biyu.

Kada wani ya ce muna gaba da sanin taurari. Manomanmu na Geriyo da dattawan da suka zo daga Sakkwato da Katsina suna ƙirga manzilolin nan 28, suna kallon Kaza da 'ya'yanta su san kusantowar damina. Wannan alama ce ta lokaci, kamar yadda inuwa ke nuna azahar. Inda aka ɓata shi ne a ce tauraron ne ke bayarwa. Hadisin Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa ya raba gardama a kan wanda ya jingina ruwan sama ga tauraro, kuma Shehu Usmanu a Nurul Albab ya yi kakkausar magana kan masu da'awar sanin gaibu. Abin da aka kora daga faifan bugun ƙasa ne ya dawo ta waya.

Amma fa akwai gaskiya ɗaya a saƙon, ita ce ma ta sa yake cin kasuwa. Yaranmu suna jin ba su da daraja in aljihu babu komai. Saurayi ya gama digiri a Jami'ar Modibbo Adama, shekara uku ba aiki, a majalisa ba a tambayar ra'ayinsa, a gidan surukai ba a amsa sallamarsa da kyau. Mu muka yi masa haka, ba Mushtari ba. Ranar ɗaurin aure wa muke shimfiɗa wa darduma a gaba? Mai saƙon ta taɓa ciwon, sai dai ta ba shi jira a matsayin magani, alhali abin da yake nema jarin dubu hamsin ne da maigidan da zai yarda da shi.

Batun ƙasa kuwa, Binuwai ba ta duba buruji. A 2012 da 2022 ruwan da aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya haɗu da na sama ya ci gonaki da gidaje. Wanda ke shiga ɗakunanmu a nan unguwa kuma, yawancinsa ledar da muka cusa a kwalbati ce ke juyo shi. Mun roƙi masu unguwa su sa ranar gayyar yashe magudanai kafin ruwa ya sauka, sannan a sa matasa biyu a layin adashin kasuwa na wannan zagayen. Mai buƙatar shebur ya zo masallaci bayan sallar asuba, akwai guda shida.