Salansa da Turbo: Neman Ƙarin Numfashi ga Motocin Lodi a Ƙasar Mafara

Buhun shinkafar da aka noma a Bakolori ba ya zama kuɗi sai ya hau mota. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato a 1978, gonakin rani na Talata Mafara da Bakura da Maradun ke fitar da shinkafa da albasa da tumatir da dankali, kuma a bayan motocin kanta da tsohuwar Marsandi da tirela suke kama hanyar Gusau ko ta Sakkwato. Duk mai irin wannan mota buri ɗaya gare shi: ta ɗauki kaya fiye da na jiya, ta kuma isa da wuri. Tumatir ba ya jira. Ga man gas da farashinsa ya ninka a 2022. Ga kuma abin da kowa ya sani a yankin, wato babu direban da ke son magariba ta riske shi a daji saboda 'yan bindiga. Wanda ya ga direba na neman a ƙara wa injinsa ƙarfi, kada ya yi saurin cewa ganganci ne.

Daga wannan buƙata wata al'ada ta kafu a garejin manyan motoci. Direba zai ce: "Maigida, motar nan ba ta ja, a buɗe mata." Buɗewar tana iya zama a kira mai walda ya yanke tukunyar salansa ya jona miƙaƙƙen bututu mai faɗi. Tana iya zama a sayo turbo na Beljiyam daga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sau da yawa wanda aka ciro daga injin da ya fi na motar girma. Mafi sauƙi kuma shi ne a taɓa famfon mai a ƙara masa ruwa, wato yawan man da yake turawa. Galibi ana haɗa biyu ko duka ukun, a ja motar a ɗan zagaya, in ta yi ruri direba ya biya yana murna.

Tushen tunanin daidai ne. Injin gas ba shi da fulogi. Iska yake matsawa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, don haka yawan man da zai iya ƙonewa ya dogara ga yawan iskar da ta shiga. Aikin turbo ke nan, dabarar da wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905. Hayaƙin da ke fita shi ke juya fanka ɗaya, ita kuma ta juya ta biyu da ke kan sanda guda da ita, ta biyun ta cusa iska cikin inji. Idan salansa ta toshe da baƙin toka ko ta lotse, hayaƙi ya rasa mafita, fanka ta yi nauyi, mota ta mutu a hawa. Saboda haka faɗaɗa bututu bayan turbo yana da amfani na gaske. Kamfanin Marsandi kansa ya bi hanyar turbo: injin OM352 mai silinda shida da ke cikin da yawa daga tsofaffin motocinsa na lodi yana ba da kusan ƙarfin doki 130, da aka ɗora masa turbo ya kai kusan 168.

Sai dai kamfanin bai ɗora turbo kawai ya tafi ba. Ya sake fistin, ya daidaita famfo da nozul, ya yi lissafin zafin da ƙarfen zai jure. A nan ne al'adar garejinmu take da giɓi, domin ma'auninta kunne ne, kunne kuwa ƙara yake ji. Motar da aka cire wa tukunyar salansa tana firgita awaki tun daga nesa, amma in salansar lafiyarta ƙalau tun farko, abin da aka ƙaru da shi kaɗan ne ƙwarai. Turbo mai girma fiye da kima yana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya tashi, don haka a daidai lokacin da direba ya fi buƙatarsa, wato tashi da cikakken lodi daga cikin yashi ko ramin hanyar ƙauye, sai ya iske motar ta fi dā sanyi. Ya koma gareji, a ƙara wa famfo ruwa. Yanzu mai ya fi iska yawa. Baƙin hayaƙin da ke turnuƙewa a bayan motar gas ne da aka saya da tsada bai ƙone ba, kuma zafin hayaƙin yana iya haura digiri 700 a ma'aunin Salsiyos. Daga nan gaskit ya ƙone, ko kan inji ya tsage, ko bakin fistin ya narke. Ranar da injin ya buga a hanyar Bakura, da wuya a tuna da ɗan juyin da aka yi wa famfo wata uku baya.

Abin da ya fi damuna shi ne duk hankali ya tattara a mafitar iska, an bar mashigarta. A ƙasar da hunturu ke rufe sama da ƙura wata da watanni, matatar iska ita ce ran turbo. Je ka gareji ka ga yadda ake yi da ita: yaron mota ya zaro ta, ya buga ta a jikin taya, jar ƙura ta tashi, ya busa mata iska daga injin faci, ya mayar. Takardar cikinta ta riga ta yi ƙananan huji da ido ba ya gani. Wani ma cire ta yake yi gaba ɗaya wai don motar ta sha iska. Fankar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, kuma a wannan gudu ƙwayar yashi fiƙe fikafikanta take yi kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa. Bakanike mai lura yakan zare robar gaban turbo ya sa yatsa ya girgiza sandar. In ta yi lilo, ko ya ga bakin fikafikan ya yi gimtse-gimtse, ya san ƙura da gurɓataccen baƙin mai sun gama aikinsu. Haka ma tsagewar roba ɗaya tsakanin turbo da lagireton da ke sanyaya iska ta isa ta zubar da duk abin da sabon turbo ya tara. Kuɗin matata sabuwa da roba da baƙin mai mai kyau bai kai rabin na turbo ba.

Motocin Turai na baya-bayan nan, irin su DAF da MAN, sun zo da wata matsalar. An ƙera su bisa dokokin hayaƙi na can, masu tsanani tun daga matakin Euro IV na 2005, shi ya sa salansarsu ke ɗauke da matatar toka ko tankin ruwan AdBlue. An yi waɗannan na'urori ne don gas mai sinadarin salfa da bai wuce kashi 10 zuwa 50 cikin miliyan ba, alhali an daɗe ana shigo wa ƙasashen Afirka da mai ɗauke da dubbai, kamar yadda rahoton ƙungiyar Public Eye ya fallasa a 2016. Matatar ta toshe, kwamfutar motar ta rage gudu, bakanike ya fasa ya zubar. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, don ba shi ya shigo da man ba. Amma hayaƙin yana da inda yake zuwa. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Masu shaƙarsa su ne 'yan dako a kasuwar Talata, da mai tuyar ƙosai a bakin tasha, da yaron gareji ɗan shekara goma sha biyu da aka ce ya tsaya a bayan mota ya faɗi kalar hayaƙi. Yanzu da ECOWAS ta tsayar da kashi 50 cikin miliyan tun 2020, matatar man Dangote kuma ta fara fitar da gas a 2024, ya kamata a sake duba wannan hujja ta fasawa.

Ba na raina waɗannan makanikai. Mutanen da suka riƙe motar da ta shekara arba'in tana aiki, ba littafi ba na'ura, sun cancanci girmamawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ke ƙin taɓa famfo sai sun duba matata da nozul. Abin da sana'ar ta rasa ƙananan agogo biyu ne: na auna ƙarfin iskar turbo da na auna zafin hayaƙi. Da su direba zai ga lokacin da ya kamata ya sauke giya, bakanike kuma ya nuna wa mai mota a lamba cewa turbo ɗin asali ya wadatar. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a cikin garin Talata Mafara. Ɗan gajeren horo da Hausa, a ranar da ba ta kasuwa ba, tare da ƙungiyoyin makanikai da na direbobi, zai isa a koyi ɗaura agogunan da karanta su.