Tsokaci a Kan Nazarin Rikicin Maitatsine: Matsalar Madogara da Aikin Sa Ido a Jamhuriya ta Biyu

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tsokaci a kan yadda masana suka nazarci rikicin Maitatsine da ya auku a Kano a shekarar 1980. An riga an rubuta tarihin rikicin da yawa, saboda haka ba za mu daɗe a kansa ba. Abubuwa biyu ne suka dame mu: madogarar da aka gina nazarin a kanta, da kuma wani gefe da aka yi wa riƙon sakainar kashi, watau aikin hukumomin da aka ɗora wa nauyin sa ido a kan jama'a a lokacin da ƙasar nan take ƙarƙashin mulkin dimokuraɗiyya.

Muhammadu Marwa mutumin arewacin Kamaru ne, ya zo Kano wajen 1945. An yi masa laƙabi da Maitatsine saboda yawan tsine wa masu amfani da agogo da rediyo da keke da mota a cikin wa'azinsa. A 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, an ɗaure shi aka kuma kore shi daga ƙasar Kano. Bayan 'yan shekaru ya dawo, a 1973 aka sake ɗaure shi, da ya fito sai ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki. Ran 26 ga Nuwamba 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takarda ya ba shi mako biyu ya tashi. Ran 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke tsakanin mabiyansa da 'yan sanda a filin Shahuci, bai lafa ba sai da soja suka shigo a ƙarshen watan. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya ba da adadin mamata 4,177. Daga baya wutar ta sake tashi a Bulunkutu da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

To, daga bakin wa muka ji duk abin da muka sani game da waɗannan mutane? Idan aka bi diddigin rubuce-rubucen za a tarar kusan dukkansu daga rijiya uku suke ɗiba: rahoton kwamitin Aniagolu na 1981, da jaridun lokacin, da bayanan malamai da mutanen gari waɗanda suka sha wuya a hannun 'yan Tatsine. Ba a san Marwa da wani littafi da ya bari ba, kuma ya mutu a cikin faɗan. Mabiyansa da suka yi magana kuwa, a hannun hukuma suka yi ta, kuma kowa ya san maganar wanda yake tsare ba ɗaya take da maganarsa a zaurensa ba. Ba muna nufin an yi wa mutanen ƙazafi ba ne, domin ɓarnar da suka yi a 'Yan Awaki da Fagge ba ɓoyayya ba ce. Abin da muke cewa shi ne, kwamitin bincike yana da tambayoyin da gwamnatin da ta kafa shi ta gindaya masa: wa ya jawo, wa ya yi sakaci, ko da hannun wata ƙasa. Mai nazarin da ya ɗauki amsoshin ya gina bayani a kansu ya gaji tambayoyin ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na Paul Lubeck, wanda ya fito a mujallar Africa a 1985. A ganinsa, gardawa da almajiran da suka saba shigowa birni da rani, suna karatu suna 'yan sana'o'i irin su ɗinkin hula da dako da yankan farce, su ne kuɗin man fetur ya tura gefe. Kayan masarufi suka yi tsada, sana'o'insu suka mutu, masu hali suka gina gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe maimakon zauren da baƙo zai kwana. Elizabeth Isichei ma ta bi kusan wannan hanya a 1987, ta kira abin tawayen waɗanda aka hana rabonsu. Wannan bayani yana da ƙarfi, don shi ne ya fitar da maganar daga cewa hauka ne kawai ko tsafi. Amma yana da gurbi. Gardawan da suke Kano a 1980 sun ninka mabiyan Marwa sau da yawa, talaucin da ya ci waɗannan shi ya ci waɗancan, amma mafi yawansu ba su bi shi ba. Bayanin da ya dace da wanda ya ɗauki makami, ya kuma dace da wanda ya ƙi ɗauka, bai gama aikinsa ba tukuna. Daɗin daɗawa, bayanin ya zo ya yi daidai da abin da hukuma take so ta ji, watau cewa haɗarin yana tattare da wani rukuni na jama'a da ake iya ganewa ta tufafinsu da allonsu. Ba Lubeck ne ya nufi haka ba, amma haka aka karanta shi.

Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya dubi abin ta wata fuska. A littafinsa na 1987 a kan yadda ake juya addini don biyan buƙatun siyasa, ya nace cewa irin waɗannan rigingimu ba sa tashi da kansu, akwai masu cin riba da su. Ya fi sauran kusantar tambayar da ta dame mu, domin shi ne ya juya ido ya dubi masu mulki da hukumominsu. Sai dai dole mai karatu ya tuna cewa marubucin ɗan cikin fage ne, ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin PRP. Sa'an nan nuna wanda ya ci riba da wani abu daban yake da tabbatar da wanda ya ƙulla shi, kuma hujjar da za ta cike wannan tazara tana cikin takardun hukumomin tsaro.

A nan ne muke ganin nazarin ya fi rauni. An saba cewa abin da ya faru a Kano gazawar leƙen asiri ce. Mu dai ba mu ga yadda wannan magana za ta tsaya ba. Mutumin da aka ɗaure sau biyu, aka taɓa kora daga ƙasa, wanda maƙwabtansa suka yi ta kai ƙara, wanda gwamna da kansa ya rubuta wa takarda, ba za a ce ba a san da shi ba. An sani, ikon aikatawa ne ya rabu biyu. A tsarin mulkin 1979 'yan sanda na Gwamnatin Tarayya ne. Gwamna yana iya ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarni, shi kuma yana da damar ya ce sai ya ji daga sama. Tarayya tana hannun NPN, Kano tana hannun PRP, kowane yana zargin ɗaya da neman kai shi ƙasa. Ita kuwa Hukumar Tsaron Ƙasa, watau NSO, wadda aka kafa a 1976 bayan kisan Janar Murtala Muhammed, an haife ta ne don tsoron juyin mulki, kuma inda tsoro ya fi yawa nan ido yake tafiya. A watan Janairu na wannan shekara ta 1980 Gwamnatin Tarayya ta ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Jihar Borno kuma ɗan GNPP, ta tsallaka da shi Cadi a kan cewa ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta soke korar. Ashe ana iya fitar da mutum daga ƙasa cikin yini ɗaya idan an ga dama. An bar jaki ana dukan taiki.

Wasu daga cikin dattawanmu sukan ce da tsarin da ne, da mai unguwa ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada, an kashe wutar tun tana ƙarama, kamar yadda aka yi a 1962. Akwai gaskiya a ciki, domin zuwa 1980 an riga an karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rage ikon sarakuna. Amma kada mu manta, wannan idon da ya ga Marwa shi ne ya riƙa ganin 'yan NEPU a shekarun 1950, kuma waɗannan kotuna su ne suka riƙa ɗaure su.

Sai maganar adadin 4,177, wanda kusan kowane marubuci yake maimaitawa a dunƙule. Nawa ne 'yan Tatsine suka kashe? Nawa ne suka mutu da aka buɗe wa unguwa manyan bindigogi? Nawa ne baƙi da almajiran da 'yan tauri da mutanen gari suka far wa bisa zato? Idan ba a rarrabe ba, duk jinin yana komawa kan ɓangare ɗaya, a kuma rufe babin ƙarfin da hukuma ta yi amfani da shi. Wannan kuwa shekarar ce da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakalori wuta a watan Afrilu, amma da wuya a ga an haɗa abubuwan biyu a nazari guda. Haka nan maganar baƙi. Ana cikin faɗan aka yi ta raɗe-raɗin hannun Libiya, don a watan ne sojojinta suka shiga Njamena. Kwamitin bai sami hujjar hannun wata gwamnatin waje ba, kuma yawancin mabiyan 'yan Nijeriya ne, amma tsoron baƙi yana cikin abin da ya share fagen korar da aka yi musu a Janairu 1983.

Me ake gani idan an buɗe takardun masu sa ido? Amurka ta ba mu misali. Daga 1956 zuwa 1971 hukumar FBI ta gudanar da shirin COINTELPRO a asirce, bai tonu ba sai da wasu suka fasa ofishinta a garin Media na Jihar Fensilbeniya a watan Maris 1971 suka aika wa jaridu takardun. Kwamitin Majalisar Dattawa na Sanata Frank Church ya bi bahasi a 1975 da 1976. Sai ga shi hukumar ba kallo kawai take yi ba: ta aika wa Martin Luther King wasiƙar razanarwa a 1964, kuma ɗan rahotonta ne ya ba da taswirar gidan da 'yan sanda suka kashe Fred Hampton a Shikago a 1969. Dole aka sake rubuta tarihin wancan zamani. Ba mu ce irin wannan ya faru a Kano ba. Mun ce dai majalisar Jamhuriya ta Biyu ba ta yi wa NSO irin wannan tankaɗe ba, an rushe hukumar a 1986 aka raba ta uku, dokar samun bayanai ta 2011 kuma ta keɓe abin da ya shafi tsaron ƙasa. Da aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a 2009, sai masana suka koma suna kwatanta shi da Marwa, suna ɗiba daga wannan rijiyar da ba a yashe ba.

Hanyar da ta rage mana ita ce ta baka. Wanda yake da shekara ashirin a 1980 yanzu ya haura sittin, kuma akwai irinsu a Fagge da Ƙofar Wambai da ƙauyukan da almajiran suka fito. Sai dai wannan ma da nata haɗarin. Tsakanin 2001 da 2006 Kwalejin Boston ta ɗauki muryoyin tsofaffin mayaƙan Ailan ta Arewa bisa alkawarin ba za a saki kowace ba sai mai ita ya mutu. A 2011 hukumomin Birtaniya suka nemi faya-fayan ta hanyar kotunan Amurka, aka kuma miƙa musu wasu, har aka tsare Gerry Adams aka yi masa tambayoyi a 2014. Saboda haka ɗalibin da za mu tura da rikoda wurin dattijon da ya taɓa zama a 'Yan Awaki, sai mun fara yanke shawara a sashenmu a kan inda za a ajiye muryar, da wanda zai riƙe makullin, da abin da za mu ce ranar da jami'in tsaro ya zo ya nema.